Gurbin Mota a Bakin Kasuwar Gusau: Labarin Wani Zauren Direbobi

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya daɗe yana tuƙa akori-kura a Gusau. Aikinsa ɗauko kayan masarufi daga sito ya kai wa masu shaguna: katan-katan na taliya da sabulu, buhunan sukari da fulawa, jarkokin man girki. Yawancin masu ba shi aiki suna wani layi ne a gefen kasuwa, layin da in mota biyu suka tsaya daura da juna, ta uku sai dai ta jira. Abin da ya fi ƙona masa rai a sana'ar shi ne ya iso da kaya niƙi-niƙi ya tarar babu inda zai raɓa motar.

In haka ta faru, zaɓinsa uku ne, kuma babu mai daɗi. Ko ya tsaya a tsakiyar hanya ya sha hon da baƙar magana daga 'yan kabu-kabu da masu Keke Napep, wataƙila ma a ci shi tara. Ko ya ajiye motar can nesa, 'yan dako su ƙara kuɗin kowane sawu, a tsaya ana ja-in-ja da mai shago kan wanda zai biya ƙarin. Ko kuma ya zagaya: ya fita ta ƙarshen layin, ya hau babban titi, ya yi kwana ya sake shigowa, yana fatan kafin nan wani ya tashi. Na ukun ya fi yi. Akwai ranar da na zauna a gefensa muka zagaya sau huɗu, har mai rake na bakin kwana ya fara yi mana dariya.

Matsalar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san garin. Gusau ta bunƙasa ne da layin dogo da cinikin auduga da gyaɗa, kuma tsofaffin layukanta ba don wannan tarin motoci aka shata su ba. A 1996 ta zama babban birnin jiha, ma'aikata da motocinsu suka ƙaru. Sai kuma rashin tsaro ya koro mutanen ƙauyuka cikin gari, ciniki da yawa da ake yi a kasuwannin karkara ya dawo nan. Layin kuwa faɗinsa na nan yadda yake.

Yadda aka fara

Ni na buɗe wa direbobin zaure a WhatsApp, kafin zuwan korona da ɗan lokaci. Kawu ne da abokan aikinsa da ke sauke kaya a layin, ba su kai ashirin ba, kuma kowa ya san gidan kowa. Tun farko aka tsaya a kan saƙon murya. Wasunsu karatun allo suka yi, boko kaɗan ne, sannan mai riƙe da sitiyari ba shi da hannun rubutu. Dokar hanya ma ta hana direba amfani da waya yana tuƙi, don haka yaron mota ke riƙe ta, shi ke kunna saƙo, shi ke danna wa maigidansa ya yi magana.

Tsarin ba shi da wuya: duk wanda ya ga wuri, ya faɗa. Makon farko kowa na murna. A mako na biyu aka fara gane inda gizo ke saƙa.

Wata safiya wani ya aiko cewa akwai wuri a gaban mai faci. Mota uku suka nufo wurin daga ɓangarori daban-daban, suka tarar wata ƙaramar mota da mai ita bai san da wani zaure ba ta riga ta shige. Su ukun suka cushe layin, babu gaba babu baya, sai da aka yi ta ribas ana ɗaga hannu kafin hanya ta buɗe. Da aka bincika, saƙon ya yi kusan rabin awa da aikowa. Direbobin suna kashe data don kada ta ƙare, sai sun kusa kasuwa suke kunnawa. Saƙonni su shigo a tare, yaron mota ya danna na farko, WhatsApp kuma ya ci gaba da jero su ɗaya bayan ɗaya. Lokacin da aka aiko kowanne na rubuce a ƙasansa, amma wa ke dubawa? Sai mutum ya ji labarin hantsi da tsakar rana ya ɗauka na yanzu ne.

Labarin gurbin mota kamar nono ne a rana. A layi mai cunkoso, wuri ba ya yin minti biyu babu kowa, wanda ke bayan mai tashi ya riga ya gani da idonsa. Wannan ba matsalar Gusau kaɗai ba ce. A 2010 kamfanin Google ya fitar da wata manhaja mai suna Open Spot a wayoyin Android, inda direban da ya tashi zai danna ya nuna wurin da ya bari a kan taswira. Launin alamar na sauyawa yayin da mintuna ke wucewa, bayan minti 20 kuma ta ɓace gaba ɗaya. Su ma sun san labarin na lalacewa. Duk da haka manhajar ba ta yi tsawon rai ba. Minti 20 a bakin kasuwa, ai mota biyu ma sun shiga sun fita.

Gyaran da ya yi aiki

Gyara na farko daga bakin wani dattijo a cikinsu ya fito, ba daga ni mai ɗan karatun boko ba. Ya ce a daina faɗin wurin da babu kowa, a riƙa faɗin wurin da za a bari. Wato mai sauke kaya ya yi magana tun yana tsaye, ya faɗi abin da ya rage masa, ya kuma ambaci lokaci da bakinsa. Saƙonnin sai suka koma irin haka:

"Salamu alaikum jama'a, ga ni gaban mai hwaci, saura buhu goma in tashi. Ƙarhe sha ɗaya da kwata."

Duk direban da ya ji wannan ya san abin da buhu goma ke nufi. Ya san ko 'yan dako biyu ne a shagon ko ɗaya, ya san mai shagon na da ƙirga kaya sau biyu kafin ya sa hannu. Sai ya auna tafiyarsa. In yana Tudun Wada ya taso a hankali, in yana can wajen Samaru ya san ba nasa ba ne, ya bar wa na kusa. A ganina wannan shi ne ginshiƙin abin duka. Labarin da ke gaba da lokaci yana ba ka damar shiri. Wanda ke bayan lokaci kuwa tsere kawai yake haddasawa.

Gyara na biyu shi ne shigo da waɗanda ba sa tuƙi. Aka sa mai shayin bakin layin, da mai faci, da wani yaro mai cajin waya. Direba wucewa yake yi, abin da ya gani na daƙiƙa ne. Mai shayi kuwa tun asuba yana kan bencinsa har dare. Ya san wane Alhaji ne ke fita da motarsa kafin azahar ya ɗauko yara daga makaranta, ya san ba zai dawo ba sai bayan la'asar. Ya san in babbar mota ta shigo da siminti, wannan gefen ya mutu har yamma. Ya san ranar Juma'a layin na yin sako-sako gab da lokacin masallaci, ranar da albashi ya shiga kuma ko allura ba ta samun wurin faɗuwa. A San Faransisko ta Amurka, shirin SFpark da aka fara a 2011 sai da aka binne dubban na'urori a cikin kwalta don su riƙa faɗin wane gurbi ne da mota. Tamu na'urar tana dama shayi tana soya ƙwai, kuma ta fi tasu da abu ɗaya: tana iya faɗa maka abin da zai faru nan da rabin awa.

Akwai tambayar da duk irin wannan tsari ke cin karo da ita: me mai tashi zai samu in ya faɗa? Shi ya gama nasa. A Open Spot maki ake ba mutum don a ƙarfafa masa gwiwa. A zaurenmu kunya ce ta yi wannan aikin. Wanda ke saurare kullum ba ya aikowa, za a haɗu da shi a masallaci ko wurin suna, wani ya ce masa, "Malam, wayar taka kunne gare ta, ba ta da baki?" Sau ɗaya ake faɗa wa mutum haka.

Watan da babu sabis

A farkon Satumbar 2021 aka katse layukan waya a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka kuma rufe kasuwannin mako-mako. Cikin Gusau an yi kusan wata guda babu kira babu intanet. Mutane na tafiya har Funtuwa don su buga waya ko su tura kuɗi. A cikin wannan babban tashin hankali, maganar wurin ajiye mota ƙaramin abu ne, na sani. Amma ga mai son ya gane amfanin zauren, babu gwajin da ya kai wannan, domin dare ɗaya ya yi tsit.

Na zaci Kawu zai koma zagayensa na da. Bai koma ba, ko in ce bai koma duka ba. Ashe a tsawon lokacin da ya yi yana sauraron mai shayi, ya haddace jadawalin layin. Ya san lokacin da kowane gefe ke buɗewa, sai ya sauya jerin shagunan da yake kai wa kaya ya dace da shi. In ya iso bakin layin, yaron mota ya dira ya ruga wurin mai shayi, shi kuma ya nuna da ludayi: can gaba, ko dakata. Rabin abin da muke zaton waya ce ke ba mu, ashe ya riga ya zauna a kawunan mutane. Ɗaya rabin, wato saƙon "saura buhu goma", shi ne aka yi rashinsa da gaske, kuma ranar da sabis ya dawo shi ya fara shigowa, tun kafin gaisuwa.

Da dambu ya yi yawa

Kuskuren da ya biyo baya nawa ne. Labarin zauren ya bazu, kowa na roƙon a sa shi, ni kuma na gaji da sa mutane ɗaya-ɗaya, sai na raba mahaɗin shiga. A 2022 WhatsApp ya ɗaga yawan mutanen da zaure ke ɗauka daga 256 zuwa 512, daga baya zuwa 1,024, don haka babu abin da ya taka mana birki. Masu shaguna suka shigo, masu motocin gida suka shigo, har da waɗanda ba su taɓa sauke ko katan ɗaya a layin ba. Barka da Juma'a, tallan fili, wa'azin da aka turo daga wani zauren, ga kuma kakar zaɓen 2023 ta kawo nata. Yaron mota sai ya wuce saƙo goma sha kafin ya kai ga mai amfani.

Hayaniyar ma da sauƙi, ana iya share ta. Abin da ba ya sharuwa lissafi ne. Lokacin da kunne ashirin ke saurare, in aka ce wuri zai buɗe, mutum ɗaya ko biyu ne ke kusa. Da kunnuwa suka koma ɗaruruwa, kowane saƙo sai ya taso da mota biyar zuwa gurbi ɗaya. Huɗu su rasa, su tsaya a layin suna toshe shi. Zauren bai ƙara wa layin ko taku ɗaya ba. Abin da yake yi tun farko shi ne fifita waɗanda ke ciki a kan waɗanda ke waje, kuma da kowa ya shigo ciki, fifikon ya tafi, cunkoson ya zauna. Kunyar nan ma da ke sa mutum ya aiko saƙo ta gudu, don ba ka jin kunyar lambar da ba ka san mai ita ba.

Sai ga 29 ga Mayun 2023, aka cire tallafin mai. Litar fetur da ke ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce nan. Zagaye ya tashi daga ɓata rai ya koma asarar kuɗi tsagwaronta. Wani malamin jami'a a Amurka, Donald Shoup, ya taɓa auna irin wannan zagaye a unguwar Westwood Village ta Los Anjeles. Ya samu cewa direba kan yi minti 3.3 a matsakaici yana neman wuri, abin da ba ya kama da komai, amma da aka tara na shekara a wannan 'yar unguwa sai ya kai tafiyar mil 950,000. Shi ne kuma ya tattara bincike 16 da aka yi tsakanin 1927 da 2001, inda matsakaicinsu ya nuna kusan kashi 30 cikin ɗari na motocin da ke yawo a wuraren da aka duba wurin tsayawa suke nema. Mutane na yawan ɗaukar wannan adadi su liƙa wa kowane gari, alhali a tsakiyar birane masu cunkoso aka yi binciken. Ba zan liƙa wa Gusau shi ba. Kawu dai bai buƙaci adadin kowa ba, allurar mai da ke gabansa ta ishe shi.

Duk abin da ya yi tsada, mai sayar da shi zai fito. Aka wayi gari wasu samari na ajiye benci ko tsohuwar taya a duk gurbin da ya buɗe, sai ka ba da na shayi a ɗauke. Wasu 'yan zauren suka daina aikowa a fili, sai su kira abokinsu a gefe. Mafi muni, wanda ya gama sauke kaya ya ƙi tashi har sai nasa ya iso. Wato tsarin da aka kafa don wuri ya riƙa saurin juyawa, shi ne ya koma sa mota zama babu aikin komai.

Kawu ma ya yi, ba zan ɓoye ba. Ina wurin. An gama sauke masa fulawa, ya kashe mota yana jiran wani abokinsa. A bayansa akwai wani dattijo da ya taso daga wajen Tsafe da buhunan masara, baƙo ne a layin, ba ya cikin kowane zaure. Ya jira, ya jira, sannan ya sauko ya zo tagar Kawu.

"Malam direba, tun ɗazu anka ƙare sauke maka kaya. Mi kaka jira?"

"Yi haƙuri Baba, wani ɗan'uwa nika jira, shina tahe."

"Shina tahe, ni kau ga ni na iso. Wurin ga gadonku na?"

Mai shagon, wanda ya girmi Kawu, ya fito yana gyara hula. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Tashi ka ba bawan Allah wuri. Titin ga na kowa na." Kawu ya tada mota bai ce uffan ba. Har muka kai gida bai kunna rediyo ba.

Abin da dattijon ya faɗa a tsaye, shi hukumomin Amurka suka faɗa a takarda. A 2014 wata manhaja mai suna MonkeyParking ta bar direbobi a San Faransisko su riƙa gwanjon gurbin da za su bari, wanda ya fi biya shi za a jira. Lauyan birnin, Dennis Herrera, ya aika musu takardar su daina, bisa hujjar cewa titin jama'a ba na sayarwa ba ne. A shekarar dai majalisar birnin Boston ta hana irin wannan ciniki bayan fitowar wata manhajar mai suna Haystack. Kamfanonin sun ce labari suke sayarwa, ba fili ba. Samarin benci ma haka za su ce maka. Amma labarin ba ya da daraja sai in akwai mota ko benci da ke tare wurin har mai biya ya iso.

Inda aka tsaya

Bayan wannan da 'yan kwanaki aka zauna a teburin mai shayi bayan isha'i. Ba a rushe babban zauren ba, an bar shi da barka da Juma'arsa. Aka buɗe wani ƙarami na masu sauke kaya kawai, kuma ba a shiga sai wani na ciki ya tsaya maka. Sharuɗɗan ba su da yawa: ka faɗi lokaci, ka faɗi abin da ya rage maka, kada ka riƙe wa kowa wuri, kada kuɗi ya shiga. In wanda ba ya cikin zaure ya riga ka, nasa ne. Aka kunna saƙo mai ɓacewa bayan awa 24 don kada na jiya ya ruɗi na yau. Masu shaguna kuma suka yarda su riƙa korar masu benci daga ƙofofinsu, suka kuma amince manyan motoci su sauke kaya da sassafe kafin kasuwa ta cika. In za a bi gaskiya, wannan na ƙarshen ya fi duk abin da waya ta yi sauƙaƙa layin.

Akwai maganar da aka kewaye a zaman, kowa ya san ta, babu wanda ya furta. Kaso mai yawa na gefen layin motocin masu shagunan ne da kansu ke cinye shi, a ajiye tun safe har magariba a ƙofar shago, an lulluɓe gilashi da kwali. Maganin da Shoup ya yi ta kira a kai shi ne a sa wa tsayawa a gefen titi kuɗi daidai yadda kusan kashi 15 cikin ɗari na guraben za su kasance a buɗe koyaushe, SFpark kuma ya gwada ɗaga farashi da sauke shi gwargwadon cikar layi. A nan, wa zai karɓi kuɗin, ina za su shiga, wannan wata rigimar ce. Kuma direban da ke jiran Alhaji ya biya shi kuɗin dako ba shi ne zai ce masa ya kai motarsa bayan kasuwa ba.

Kwanan baya na sake bin Kawu. Muna kusa da layin saƙo ya shigo: gaban mai faci, saura katan shida, sha biyu saura. Ya rage gudu, ya auna, muka iso daidai mai tashi na fita. Kafin mu ƙarasa, wata ƙaramar mota ja ta sulale ta shige, wata mata ta fito da jakar cefane ko waiwaye ba ta yi ba. Yaron mota ya fara huci. Kawu ya ce ya yi shiru, ya gangara bakin layin inda ba ya tare kowa, ya kashe injin. Mai shayi ya ɗago ludayi daga nesa ya nuna motar Alhajin da ke ɗauko yara, sannan ya ɗaga yatsu biyar.